Tiyar Geron da Na Kai Lyon

Tun da na dawo daga Faransa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Malam Isufu, yaya Paris take?" Wani ya tambaya ko na hau dogon ƙarfen nan nasu, wani kuma ko da gaske ne karnukansu na sa riga. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta, a bar ni in sha shayina. Ƙarfen dai ban hau ba, daga nesa na hango shi. Karnuka kuwa suna sa riga, na gani da idona. Amma ni abin da ya hana ni sukuni a tafiyar nan tiya guda ce ta gero.

Ga yadda aka yi. Kun san ina koyar da tarihi a lise, wato babbar sakandare, nan Maraɗi, ina kuma rubutun digiri kan yadda ake riƙe gona a ƙasar Hausa: gado, aro, jingina da sauransu. Wata jami'a a Lyon ta shirya taro kan mallakar ƙasa a zamanin da, ta gayyace ni in yi magana ta minti ashirin, ta kuma ɗauki nauyin jirgi. Na tafi ƙauyenmu kusa da Tasawa in yi wa Baba sallama, a zatona addu'a kawai zan karɓo.

Baba ya ce, "Lyon ka ce? Ai can Lawali yake."

Nan take na san inda maganar za ta. Gonar da gidanmu ke ci, wadda ake kira Gonar Gawo, ba tamu ba ce. Kakan Lawali ne ya ara wa kakana ita lokacin da ya zo garin yana baƙo, daga shi sai jaki da iyali. Sharaɗin ɗaya ne: kowace kaka a kai dami guda gidan masu gona. Ba don su ci ba ne, rumbunansu sun fi namu. Shaida ce cewa mun san aro muke riƙe da shi. Haka kakana ya yi, haka Baba ya yi, har mahaifin Lawali ya rasu shekara uku da suka wuce. Gidan ya watse, aka ja ƙofa aka kulle. Magajin kuwa, Lawali, injiniya ne a Faransa tun ina firamare. Baba ya rasa wanda zai kai wa dami, ya kuma ƙi kai wa 'yan uwan marigayin don kada a ce shi ya naɗa wa gidan magaji. To ga labari na yawo a kasuwa cewa Lawali ya yi fushi, zai sayar da gonar ga wani ɗan kasuwa mai son dasa mangwaro. Mutum goma sha huɗu ke ci daga gonar nan, ba mu da wata.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar jaka da Inna ta ɗinka da tsohuwar atamfa. "Na san dami ba shi shiga jirgi," ya ce. "Wanga daga hatsin bana anka sussuke shi. Ka damƙa mai hannu da hannu."

Na ce, "Haba Baba, mutumin da ke cin burodi da cuku, me zai yi da gero?"

"Kai dai ka kai. Karatunka bai kai nan ba."

Na karɓa, amma in faɗi gaskiya, da ƙyashi na karɓa. A cikin rubutuna akwai babi guda cur da na ce wanda ya noma gona tun daga kaka har jika shi ne mai ita. Ga ni kuma an mai da ni ɗan aiken kai gaisuwa.

Hanyar Maraɗi zuwa Yamai kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Jirgi kuma ban da abin faɗa a kansa sai dai abincin da aka kawo ko yaron goye bai isa ba. A filin jirgin Paris ne aka fara wasan. Wani jami'in duwan, wato kwastan, siriri mai tabarau, ya buɗe balis ɗina, akwatin tafiyata, ya ɗago jakar Inna, ya zura yatsa ciki.

"Wannan fa?"

Na ce gero ne.

Fuskarsa ta washe. "Ah, ashe kana kiwon tsuntsu!"

Jama'a, ashe su can gero abincin tsuntsun keji ne. Hatsin da ya raine ni, ya raini ubana! Saura kaɗan in karanta masa darasin fura da tuwo da kunu, sai na tuna ba a yin wa'azi a bakin iyaka. Na ce masa e, tsuntsun babba ne ƙwarai. Ya yi dariya, ya ɗaure jakar da kansa, ya ce in wuce.

Habu Dogo ne ya tarbe ni, abokina tun kwaleji. Yana aiki a Rungis, wata ƙatuwar kasuwar sari, yana sauke akwatunan kayan lambu. Gidansa na unguwar Goutte d'Or, hawa na biyar, kuma da ƙafa ake hawa. Da muka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa na ɗauka Bamako aka sauke ni: ga atamfa, ga busasshen kifi, ga shagunan waya da na aika kuɗi gida, ga masallaci a lungu. Abin da ban saba da shi ba har na dawo shi ne zaman jirgin nan nasu, mutum na kallonka gwiwa da gwiwa ba sallama. Na gaida wani tsoho, sai ya ƙanƙame jakarsa.

Matar Habu, Zali, 'yar Damagaram ce, mai fara'a da saurin hannu. Ta yi mini shinkafa da miyar gyaɗa, na ci na yi barci kamar an dake ni. Da safe Habu ya ce rigar da na zo da ita ba ta sanyin garin ba ce, mu je mu nemo wata. Ina fita na waiwaya na ce, "Zali, tsarabarku na nan saman balis, ki ɗauka." Kilishi nake nufi, da kuka da daddawa da yaji. Na manta shaf cewa tun daga duwan jakar geron ta koma sama ta zauna a tsakiyarsu.

Sai bayan la'asar muka dawo. Tun daga hawa na uku na ji ƙamshin citta da kanumfari, na kuma ji shewar mata. Zali ta buɗe ƙofa tana washe baki, ga maƙwabtanta biyu 'yan gida zaune, kowace da kwano a cinya.

"Malam, Allah ya saka da alheri! Shekara huɗu rabona da geron gida. Zauna, ga taka nan na dama da yawurt."

Na ce, "Wane gero?"

Ta nuna jakar Inna a rataye jikin ƙofar kicin, ta lanƙwashe kamar ba ta taɓa ɗaukar komai ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Habu ya fara dariya, da ya ga fuskata ya haɗiye ta. Na zauna na ba su labari tun daga kakana. Zali ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, tana cewa ta kashe wa mutane gona. Na ce ta daina, laifina ne: wa ya taɓa ganin gero a tsakiyar kuka da daddawa ya ce ba tsaraba ba ne? Ta juya jakar ta kakkaɓe kan faranti, ta tsince na cikin ɗinki, ta haɗa da ɗan abin da ta rage don kunun safe. Duka bai wuce cikin tafin hannu ba. Ta ƙulle mini shi a hankici. Furar kuwa na sha, tunda an riga an dama, kuma abin haushi wallahi ta yi daɗi. Baba bai san wannan ɓangaren ba har yau, don haka mai karantawa ya riƙe bakinsa.

Habu ya ce, "Bon, gero gero ne. Tashi." Ya ja ni shagon wani Bamale, ɗan ƙasar Mali, a ƙasan layi, muka sayi gero cikin leda, muka juye a jakar Inna. Ƙwayarsa ta fi tamu girma da haske. Habu ya ce mutumin da ya fi shekara ashirin a Turai ba zai bambanta gero da dawa ba ma, in kwantar da hankalina. Na sa jakar a balis, ƙullin hankicin kuma a aljihun ƙirji, ban yanke shawarar komai ba.

Jirgin ƙasa zuwa Lyon awa biyu ne, gudu kamar zai tashi sama. Gonaki kore shar ta ko'ina, amma ban ga mutum ko ɗaya a cikinsu ba. Wata tsohuwa da ke gefena ta ga ina leƙe, ta ce mijinta manomi ne kafin ya rasu, kuma ƙasar ba tasu ba ce, haya ce da takarda, duk shekara tara a sabunta. Ta tambaye ni mu yaya muke yi. Na ce mu takardarmu baki ne da dami. Ta ce to in bakin ya mutu fa? Na ce abin da ya kawo ni ke nan, madam. Ta ba ni rabin tuffa.

Otel ɗin da aka sauke mu makullinsa kati ne, sai da na yi minti goma ina lalube kafin wata mai shara ta nuna mini cewa katin ne kuma ke kunna wuta. Abincin garin kuwa, in ka ga nama ka tambaya sau biyu, don mutanen Lyon ba abin da suke bari a jikin alade. Na koma burodi da cuku, ni da na yi wa Lawali ba'a. Akwai wani cukun da aka ajiye gabana wanda na rantse duk mai cin sa ba shi da bakin zagin daddawa.

Ranar farko ta taron wata farfesa, tsohuwa mai farin gashi, ta yi bayanin yadda ake riƙe ƙasa a Faransa shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Na gyara zama don abin kamar a gida. Ta ce mai neman ƙasa zai zo gaban ubangida ba hula ba takobi, ya durƙusa, ya haɗa tafukansa ya sa cikin tafukan ubangidan, ya ce, na zama mutuminka. Ubangidan ya ɗaga shi, ya miƙa masa hoge ko sanda, alamar ƙasar da aka ba shi riƙo. Daga nan wuyansa ya ɗauki nauyi: ya fita yaƙi kwana arba'in a shekara in an kira shi, ya zo fada ya ba da shawara, ya taimaka in an kama ubangidan ko zai aurar da babbar 'yarsa. Wasu ƙananan masu riƙo kuwa abin da ake nema gare su a shekara kaza ce kawai, ko safar hannu, ko fure guda. Ta ce ba darajar abin ake dubawa ba, zuwan da aka yi da shi ake dubawa.

Sai ta ƙara wata. In ubangida ya mutu, dole mai riƙo ya je gaban magaji ya sabunta alkawari cikin shekara guda da kwana ɗaya, in ba haka ba ana iya ƙwace ƙasar. Biro ya suɓuce daga hannuna. Shekara guda da kwana ɗaya! Mu da muka kwashe uku.

Da aka fita shan kofi na tare ta. Na ce in mai riƙon ya je bai tarar da kowa a gidan ba fa? Ta ce a wasu wuraren yakan tsaya bakin ƙofa ya kira sunan ubangidan sau uku, ya sumbaci sakatar ƙofar gaban shaidu, a ɗauka ya zo. Na ce a raina, ina ma Baba ya san da wannan. Na sake tambaya: in kuma abin da ya kawo ba shi ne ainihin abin da aka aiko shi da shi ba?

Ta dube ni ta saman tabarau. "Monsieur, wannan tambayar ba ta tarihi ba ce, ko?"

Na ɗauki kofina na kurɓa.

Washegari na yi tawa maganar, har da babin nan na cewa mai noma shi ne mai gona. Aka tafa mini sosai. Ina murmushi ina sunkuyar da kai, alhali jakar gaisuwa na can otel tana jirana. Kunya ta kama ni, ban ma san wa nake jin kunya ba.

Na kira Lawali ta lambar da na samu wajen wani ɗan garinmu. Gaisuwarsa ba ta wuce kalma huɗu ba. Ya ce in zo ranar Asabar bayan azahar. Gidansa na bayan gari, hawa na biyu. Ya buɗe mini da kansa, dogo, furfura ta ci rabin kansa. Ya nuna mini kujera, ya kawo kofi. Bai tambayi lafiyar Baba ba, kuma duk Bahaushe ya san ma'anar wannan.

Na fito da jakar Inna na ɗora a cinya. Maganar Habu, cewa gero gero ne, na bakina, na shirya ta tun cikin mota. Amma da na dubi ɗinkin Inna sai harshena ya ƙi. Na zamo daga kujera na tsugunna kan kafet.

"Tashi," ya ce. "Nan ba a yin haka."

"A bar ni, Yaya, aike ne."

Na kwashe komai na faɗa masa: aiken Baba, mai duwan da tsuntsunsa, Zali da furarta, shagon Bamale. Bai ko murmusa ba. Na tura jakar gefe, na ciro hankicin. Na ce, "Wancan na kanti ne, kada in cuce ka. Wannan ɗan ƙullin shi kaɗai ya rage na gonarku."

Ya ajiye kofinsa. "Gonar wa?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Gonarku, Yaya."

Ya gyara zama. Sa'an nan ya ce, "An gaya mini babanka ya tsaya gaban mai gari ya ce gonar gadonsa ce. An ce ya daina kai dami da gangan. An kuma ce ɗansa mai boko na rubuta littafi don ya tabbatar da haka."

Na ɗago kai. Na ce, "Na ƙarshen gaskiya ne, ni na rubuta, ra'ayina ne, Baba bai san da shi ba. Sauran ƙarya ce. Damin shekara uku na nan a kusurwar rumbu, ya hana kowa taɓawa. Bara hatsi ya ƙare mana tun kafin damina ta yi nisa, muka sayi masara muna ci, damin nan na kallonmu."

Ya miƙo hannu, na sa masa ƙullin. Ya kwance shi a hankali, ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya jefa baki yana taunawa, idonsa na kan taga. Ni dai ina tsugunne, gwiwata ta fara tsami.

"Takardar cinikin na cikin tebur ɗin can," ya ce. "Saura in sa hannu." Ya share ido da bayan hannu. "Kira mini shi."

Na kira wayar ƙanena Sani, aka kai wa Baba. Abin mamaki, mutumin da ya gaishe ni da kalma huɗu sai ga shi ya miƙe tsaye riƙe da waya yana rusunawa. "Baba Garba, ina wuni? Ina gajiya? Ina gida? Ina ƙarfin jiki? Yaya haƙurinmu?" Hausar garinmu ta dawo masa tsaf kamar jiya ya bar ta. Ya nemi gafara cewa ya saurari maganar mutane. Ya ce a ci gaba da noma kamar yadda aka saba, dami kuma daga yau a riƙa kai wa gwaggonsa Hajo da sunansa, har na shekara ukun.

Kafin ya miƙo mini wayar ya rufe ta da hannu ya ce, "Rubutun naka ka aiko in karanta. Wataƙila kana da gaskiya. Amma ba yau ba."

Na kara wayar a kunne. Baba bai tambaye ni sanyi ko abinci ba.

"Ya karɓa da hannunsa?"

"Ya karɓa, Baba."

"To madalla."

Bai iya kashe waya ba, ajiye ta kawai ya yi. Sai na jiyo muryarsa daga nesa, da ƙarfin da na daɗe ban ji ba: "Sani! Gobe da sassafe a ɗaure jakuna, a fara kai taki Gonar Gawo!"

Sai a lokacin na gane. Ba mai kai taki gonar da bai san ko shi zai girbe ta ba. Shekara uku ke nan tsohon nan na noma ta a haka, yana kallon hatsi na raguwa, bai gaya wa kowa dalili ba. Na zauna daɓas a kafet ɗin mutane, hawaye na zuba, ina dariya, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Lawali ya ce in tashi mu ga ko akwai abin da za a iya yi da geron Bamale, matarsa ba ta taɓa shan kunu ba.

Dawowa ba wani labari. Habu da Zali suka raka ni filin jirgi, Zali na ta hamdala kamar gonar ubanta ce. Da na sauka Maraɗi kwana ɗaya na yi na wuce ƙauye. Ban tarar da kowa a gida ba sai Inna, ta ce suna gona. Na bi su da takalmina na Paris. Tun daga nesa na hangi tsibin taki jere, daga bakin hanya har gindin gawo. Baba na tsakiya da kwando a hannu. Na gaishe shi, na gyara murya zan fara ba shi labarin Turai.

Ya dubi ƙafata ya ce, "Cire wannan abin, ka ɗauki kwando. Hadari ya fara haɗuwa a gabas."